Awon Jijiyar Baba Mutari

Abin da na fara rasawa a ƙasar Beljik gabas ne. Na fito daga tashar jirgin ƙasa da jakata, na ɗaga kai in ga inda rana take, ban ga komai ba sai wani fari-farin sama mai kama da tsohon zanen gado. Azahar ce ko la'asar, oho. Mutumin da ya kamata ya tarbe ni, wanda muka daɗe muna magana a waya, ya ce mini shi ɗan Magariya ne kuma ya kama mini ɗaki, wayarsa a kashe take. Kuɗin ɗakin kuwa tun ina gida na tura masa. Har yau ban san kamanninsa ba.

Ni Lawali ne, ɗan Bande, majo a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Dungas. Inda babu likita majo ne likita, shi ne mai allura, shi ne mai raba rigimar layi. Muna da tsohuwar na'urar eko, wadda ake shafa wa mai juna biyu a ga kwanciyar jariri, kuma don na iya riƙe ta ne aka zaɓe ni in je estaj, wato ƙaro sanin aiki, na ƴan watanni a wani babban asibiti. Na zaci mata masu ciki zan je in ƙara koyon dubawa. Ban tambaya ba, su ma ba su faɗa ba.

Na kwana biyu a wani masaukin matafiya, ina cin biredi da ruwan famfo, ina salla inda fuskata ta faɗa. Ranar Juma'a na bi wasu baƙaƙen fata biyu a baya kamar ɓarawo, har suka kai ni wani tsohon gareji da aka mai da masallaci. Bayan an sallame ina neman takalmina ina gunaguni ni kaɗai, sai na ji wani ya ce a bayana, “Kai, wannan mitar ta Damagaram ce. Ɗan ina ne?”

Na juya, na ga wani dogon tsoho siriri cikin manto, doguwar rigar sanyi mai kauri, da hular sanyi a kan hular gida. Na durƙusa na gaishe shi, na ce Bande.

“Bande! To ni Dogo-Dogo. Tashi, tashi, ƙasar nan da sanyi, ba a durƙusa mata.”

Shi ne Baba Mutari. Ya haura shekara talatin a can yana wankin jiragen ƙasa, har ya ajiye aiki. A ranar ya kai ni fuwayensu, gidan da tsofaffin ma'aikata baƙi ke zama kowa da ɗan ɗakinsa, ya shimfiɗa mini katifa a ƙasa, ya tuƙa tuwon semo da miyar kuka. Da na kai loma ta farko hawaye suka zo mini, na ce barkono ne. Ya ce, “Babu barkono a ciki, amma ci.” Shi ya nuna mini gabas, ya koya mini shiga tiram, ɗan jirgin ƙasan cikin gari, ya kai ni kantin wata mata inda ake samun daddawa da goro.

A asibiti babu mai ciki ko ɗaya. Shugabar sashen, Madam Odil, mace ce mai furfura da saurin magana, ta kai ni wani ɗaki na ƙasa ta nuna mini tiyon roba cikin kwandon ruwa, wani ɗan inji yana tura masa ruwa yana bugawa kamar zuciya. Ta ce wannan ne majinyacina na farko. Na yi dariya don na zaci wasa take, ita kuwa ba ta yi ba.

Sai da na yi kwanaki kafin na gane abin da ake ciki. Akwai babbar jijiyar jini da ke saukowa daga zuciya ta ratsa ciki. A wasu tsofaffi takan kumbura a wuri ɗaya, kamar robar cikin tayar moto in ta yi rauni, kuma ranar da ta fashe sai dai Allah ya ji ƙan rai. Tun da can faɗin kumburin ake aunawa. Su kuma suna gwada wani sabon awo, na yadda bangon jijiyar ke buɗewa yana komawa da kowane bugun zuciya, don su san ko yana da sauran laushi ko ya sandare. Amma kafin a yarda da awon sai an tabbatar ba ƙarya yake ba. Shi ya sa ake fara gwada shi a kan tiyon da aka riga aka san iyakar miƙewarsa. Daga nan sai mutum biyu su auna majinyaci ɗaya, kowa shi kaɗai, a ga ko lissafinsu zai zo daidai. Hannu na farko wani saurayin likita ne, Matiyu. Ni ne hannu na biyu.

Da na ba Baba labarin aikina, ya ajiye cokalinsa ya ɗaga riga, ya kama hannuna ya ɗora a saman cibiyarsa. Na ji abu yana harbi ƙarƙashin tafina, mai faɗi, kamar an ɓoye wata zuciyar a wurin.

“Ai abokiyar zamana ke nan,” in ji shi. “Can asibitin naku suke leƙa ta duk bayan wata shida. Sun sha roƙona in shiga sabon awon nan, na ƙi. Tunda kai ne, zan zo.”

Ranar ce ya gaya mini abin da ke ransa. Yana son komawa gida gaba ɗaya kafin damina. Yayarsa Gambo ce kaɗai ta rage masa cikin waɗanda suka sha nono ɗaya, ta tsufa, idanunta sun yi rauni, kuma duk wanda ya kira daga Dogo-Dogo sai ta karɓi wayar ta ce, “Mutari, sai na mutu za ka zo?” Likitoci kuma sun ce faɗin kumburin ya kai gaɓar da ake tunanin tiyata. In bangon yana da sauran laushi, mai yiwuwa su bar shi ya yi shekara a gida ya dawo a duba. In ya sandare, ba su ga dalilin da zai je inda amalanke ne motar asibiti ba. Shi kuwa tiyatar yake tsoro fiye da fashewar, don ya ga abokansa biyu da aka shiga da su ba a fito da su da rai ba, aka binne su a wata maƙabarta mai laka a bayan gari.

Aka sa masa ranaku. Ni ne ma nake jaddada masa doka: kada ya karya kumallo, kada ya sha kafe, wato kofi, kada ya sha shayi, kada ya kusanci taba. Yakan zo da safe, wata ma'aikaciya ta auna masa tansiyo, wato hawan jini, a bakin ƙofa, sai a shiga da shi. Madam ta ce ni da Matiyu mu riƙa musanya wanda zai fara. Amma Matiyu likita ne, ni majo, kuma ya riga ni zuwa wurin. Ina ni ina shiga gabansa? Kullum sai in ja baya in ce ya fara, shi kuma ya ɗaga kafaɗa ya shige. In ya gama ya fita, sai in shigo.

A kan tiyon roba awona da na Matiyu ɗaya ne. A kan sauran tsofaffin, Turawa masu jajayen tumbi, bambancinmu kaɗan ne. A kan Baba Mutari kuwa kamar ba jijiya ɗaya muka duba ba. Na Matiyu ya nuna bangon da ƙyar yake motsi. Nawa ya nuna yana buɗewa yana komawa da ɗan kuzarinsa. Aka sake wani mako, haka. Aka kuma sakewa, haka.

Kaina ya ɗaure. Matiyu ya ce wataƙila ina danna na'urar da ƙarfi, na sassauta hannu, ba abin da ya canza. Ya ce wataƙila ina karkatar da ita, na koma ɗakin ƙasa na wuni a kan tiyo har wuyan hannuna ya yi tsami. Madam ta sa aka zo aka duba na'urar, aka ce lafiyarta ƙalau. Ba wanda ya ce mini komai na rashin daɗi, kuma wannan ya fi ci mini rai. A gida in ka yi kuskure sai a zage ka a wuce wurin. A can sai a yi maka murmushi, a tambaye ka ko sanyi bai dame ka ba, sannan ka ga an rufe ƙofa ana magana ƙasa-ƙasa. Na fara duban hannuna na dama a tiram ina tambayarsa abin da na yi masa.

Baba kuwa ya matsa mini da tambaya a gida. An hana mu gaya wa majinyaci sakamako, amma yaya za ka ci tuwon mutum ka kwana a ɗakinsa, ya tambaye ka maganar cikinsa ka ce masa doka? Na ce masa awon bai daidaita ba tukuna, na Matiyu ya ce bangon ya sandare, nawa ya ce da sauran laushi.

Ya yi wata dariya har da tafi. “To ai magana ta ƙare! Jijiyata ta san hannun gida. In Bature ya taɓa ta sai ta ƙame, in ɗana ya taɓa ta sai ta saki jiki. Naka ne gaskiya.”

“Baba, ba a tabbatar ba fa.”

“Kai dai majo, ka cika tsoro. Wa ya fi sanin tunkiya, mai ita ko mai wucewa?”

Washegari ya sayo babbar jaka. Ya fara tara tsaraba a gindin gado, bargo da tocila da tabarau kala-kala don yayarsa ta gwada wanda zai yi mata. Ni kuma duk abin da ya ƙara a tarin nan sai tsorona ya ƙaru, don ni kaina ban san hannun da ke faɗin gaskiya ba. Da zuciyata ina son nawa ya zama daidai. Da hankalina kuma na san Matiyu ya shekara yana wannan aiki.

Daga ƙarshe Madam ta ce za ta zauna ta kalli komai da idonta, tun daga shigowata har fitata. Ta ja kujera ta zauna a lungu da takarda a cinya. Matiyu ya gama nasa ya fita, Baba ya tashi zaune ya gyara riga, na shigo.

Na yi abin da nake yi kullum. Na rusuna na gaishe shi, ya kwana, ya sanyi, ya ƙarfin jiki, ya labarin gida, ko da yake ɗaki ɗaya muka kwana. Sannan na zaro ɗan ƙyallena mai damshi daga aljihu, na kwance, na miƙa masa goro da hannu biyu. Sa'an ubana ne. Ba zan shigo kawai in ce masa kwanta, buɗe cikinka, in shafa masa man eko kamar wani yaro ba. Sai an ba shi goro, ya ɓara, ya tauna, an ɗan taɓa hira har kunya ta sauka, sannan in ce, “Baba, a yi haƙuri, za mu duba.” Tunda kuma ga baƙuwa zaune, ba a ci a bar ta, na miƙa mata ɓari ɗaya.

Ta karɓa ta jujjuya shi, ta gatsa. Fuskarta ta tattare wuri ɗaya. Baba ya ce da ita cikin Faransancinsa na tashar jirgi, wai ta daure, zaƙin yana baya. Don ladabi ta haɗiye. Muka ci gaba da hirarmu, ni da shi, kan farashin wake a kasuwar Dungas da wata rijiyar da aka ce ta rufta a Yekuwa, ita tana ta duban agogo. Can na ga ta ɗora yatsu biyu a wuyan hannunta.

“Lawali, mene ne wannan abin?”

Na ce goro ne.

“Kullum kake ba shi?”

“Kullum, Madam.”

“Kafin awo? Cikinsa babu komai?”

Na ce ai ba abinci ba ne.

“Kuma kullum kai ne na biyu?”

Ta miƙe da kanta ta ɗauko abin awon tansiyo ta ɗaura wa Baba. Ya hau sosai a kan abin da aka rubuta a bakin ƙofa, zuciyarsa kuma tana bugu da ƙarfi. Ta ce abin da ke cikin kafe shi ne ke cikin goro. Jini yana dukan bangon da ƙarfi, bangon yana ƙara motsi, na'ura kuma tana lissafi da tansiyon safe, na kafin goro. Shi ya sa take ganin laushin da babu shi.

Na dubi ƙyallen da ke hannuna. Na san goro yana hana barci, wane ɗan ƙasarmu ne bai sani ba? Ni da bakina nake hana masu hawan jini yawan cinsa a asibitina. Amma ban taɓa sa shi a layin kafe da shayi ba. Waɗancan abin sha ne, wannan kuwa gaisuwa ce. Madam ta zauna ta rufe fuska da takarda tana dariya har kafaɗunta na rawa, ta ce wata guda suna zargin na'ura. Baba ma ya taya ta, bai san abin da ake wa dariyar ba.

Aka sake sa rana. Babu goro, ni na fara, aka auna tansiyo a kan gadon. Na shiga na ce masa ya kwanta, hannuna babu komai, na kasa haɗa ido da shi. Da aka jera awona da na Matiyu, kamar hannu ɗaya ya yi su. Matiyu ya dafa kafaɗata, Madam ta ce hannuna mai kyau ne, dama can mai kyau ne. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, wani nauyi ya sauka daga wuyana. Sai da na fito na hango Baba a kan benci yana jirana da hularsa a hannu, sannan na tuna wane awo ne ya tabbata.

Madam ta yi masa bayani da kanta. Ta ce awon sabo ne, ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba, kuma ba wanda ya san ranar da jijiya za ta fashe. Amma faɗin ya kai, bangon ya sandare, shawararta a yi tiyata, kada ya yi nisa da asibiti. Yana ta gyaɗa kai yana cewa to, to. Da muka fito bakin titi ya tsaya.

“Na ji nata. Yanzu gaya mini da Hausa.”

Na gaya masa.

“Naka hannun ma?”

“Nawa ma, Baba.”

“To wancan na farko fa, da ka ce da sauran laushi?”

“Goro ne.”

Ya kalli motoci. Sannan ya ce, “In na tsaya aka yanka ni, za ka ce zan tashi?” Na ce mafi yawa suna tashi. “In na tafi, za ka ce ba zan kai baɗi ba?” Na ce ban sani ba, ita ma ba ta sani ba. Ya ce, “To ashe duk awon nan naku, ni za a bar wa lissafin.”

Na roƙe shi. Na yi fushi, na daina cin tuwonsa na kwana biyu, na sa limamin gareji ya yi masa magana. Ya saurari kowa, ya je ya yanki tikiti a jirgin da zan koma. Abu ɗaya ya nema a wurina, har ya sa na rantse, kada kowa a Dogo-Dogo ya ji, musamman yayarsa. Ya ce ba zai je a riƙa kallonsa kamar tulu mai tsagu ba.

Ban taɓa tafiya mai tsawon wannan ba. A jirgi duk tarin da ya yi sai na leƙa fuskarsa. A bas ɗin Damagaram na hana shi ɗaukar ko butar alwala. Daga Magariya na ɗauki shatar wata tsohuwar mota don kada ya hau kabu-kabu, na zauna kusa da direba ina ta ce masa a hankali, a hankali, har ya gaji ya ce, “Majo, ƙwai muka ɗauko ne?” Duk ramin da muka faɗa sai na ji shi a cibiyata. Baba kuwa ya sauke gilashi ya fitar da kai, yana kiran sunayen gonaki da na masu su, direba yana gaya masa wanda ya rasu da wanda ɗansa ya gada. An yi ruwan farko, mutane sun fito shuka, ƙasa tana ƙamshi.

Da muka tsaya a ƙofar gidan, mata suka fara guɗa tun kafin ya buɗe mota. Aka fito da Inna Gambo ana riƙe da ita, ƴar ƙaramar tsohuwa da ba ta kai kafaɗarsa ba. Ya durƙusa a gabanta, dogon mutumin nan mai furfura, ya ce, “Yaya.” Ta lalubi fuskarsa da hannu biyu, ta shafa goshi, ta shafa gemu, ta ce ya rame, ta ce Turawa ba su ba shi abinci. Ta zage shi son ranta tana kuka, shi kuma yana dariya yana cewa ta yi haƙuri.

Aka shige da shi cikin gida. Na tsaya a zaure ina shirin komawa wurin mota, sai aka ce Inna tana kirana. Ta kama hannuna na dama ta riƙe gam, ta sa mini albarka, ni da iyayena da ƴaƴana. Sannan ta jawo ni kusa ta rage murya.

“An ce kai ne likitan da ya duba shi a can. Ni ba na gani, kai ka gani. Gaya mini, ɗana, ya dawo lafiya?”

Ina jin muryarsa daga tsakar gida yana tambayar wa ya sare bishiyar da ke bayan rumbu. Ita kuma ba ta saki hannuna ba.

Na ce, “Ya dawo, Inna.”